Filin Mata: Ku Dubi Hannun Direba

 Na san wata da ta ga kan maganar nan za ta ce, "Yau kuma gareji aka kai mu? Ina ruwan mace da sitiyarin mota?" To, 'yar'uwa, ki yi haƙuri ki karanta tukuna. Ai ke ce ke zaune a kujerar baya, da goyo a cinya da wani yaron a gefe, ran da za a kai ki awo ko biki ko ta'aziyya. In motar ta bar hanya ba za ta tambayi wanda ya iya tuƙi da wanda bai iya ba.

Bara, bayan Sallar layya da 'yan kwanaki, muka tashi daga Tursa mu shida mata za mu biki Wurno, muna kuma da niyyar in an sami sarari mu ziyarci hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a can a shekarar 1837. Muka ɗauki wata ƙaramar motar haya. Ni aka sa a tsakiyar kujerar baya, saboda haka ba abin da na ke gani sosai sai hannun direba. Da muka yi 'yar tafiya sai na lura hannun nan ba ya zama wuri ɗaya. Hanya ta miƙe sak, ba kwana, ba rami, amma shi yana ta kai sitiyari dama yana komo da shi hagu, kamar mace tana tankaɗe da rariya. Motar kuwa tana ta yawo, ta leƙa wannan gefe ta leƙa wancan.

Na ce masa, "Malam direba, lafiya motar nan ta ke rawa haka?"

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Ai wagga mota haka halinta ya ke, ni na san ta."

Sai na ja bakina na yi shiru. Kunya ta kama ni, kada a ce tsohuwa ta cika surutu a kan abin da ba ta sani ba. Ba mu kai Wurno ba, muna gangara wani ɗan kwari mai rairayi, Allah ya sa a hankali mu ke tafiya, sai muka ji "ƙwas" daga ƙasa. Tayar gaba ta dama ta juya ta dubi daji abinta, direba yana ta murza sitiyari a banza, mota ta ja jiki ta tsaya a bakin gonar wani. Ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Amma muka zauna nan tun hantsi har la'asar ta yi sanyi, sa'an nan aka ɗauko makanike a kan babur. Kun kuwa san halin da hanyoyin gabashin Sakkwato su ka shiga a shekarun nan, ba mai so almuru ta same shi a daji da mota matacciya.

Makaniken nan dattijo ne mai haƙuri. Da ya ga na tsaya a kansa ina ta leƙe, sai ya miƙo mini ƙarfen da ya ciro ya ce, "Inna, ga abin da ya so ya kashe ku." Ɗan ƙarfe ne wanda bai fi tafin hannuna ba. Daga ranar nan na dinga tambaya, a wurinsa da wurin waɗansu masu sana'ar, har na gane abin da zan gaya muku yau.

Tsakanin hannun direba da tayar gaba akwai ƙarafa da dama, wannan yana riƙe da wancan. Sitiyari yana bisa wata sanda da ta gangara ƙasa. A ƙananan motoci, irin su Golf da tsohuwar Peugeot 504 wadda aka yi shekaru ana haɗawa a Kaduna, ƙarshen sandar nan yana da ɗan gora mai haƙora, yana cizon wani dogon ƙarfe mai haƙora da ke kwance a gicciye, makanikai suna ce masa rak. In an murza sitiyari sai rak ya zame dama ko hagu. A manyan motocin kaya kuwa, waɗanda ke kwasar albasa da shinkafa daga fadamun Wurno da Goronyo, akwati ne na ƙarfe a madadin rak, da hannu da ke fitowa daga cikinsa. Daga nan sai waɗansu sanduna biyu, ɗaya ta nufi tayar dama, ɗaya ta hagu, su ne ke tura taya su jawo ta. Sunansu tairod. Shi ne ya ɓalle mana.

Abin lura shi ne gaɓoɓin. Duk wadda ta taɓa gyaran naman layya ta san gaɓar cinyar rago: kan ƙashi ne mulmulalle yana zaune daram cikin kwarminsa, yana juyawa ko'ina amma ba ya fita, ga santsi a ciki. To, haka gaɓar tairod ta ke, haka kuma wadda ke riƙe da tayar kanta, wadda su ke kira boljoyin. Ƙwallon ƙarfe ne cikin kwarmi, an cika shi da giris, an rufe da 'yar hular roba don kada ƙasa ta shiga. Muddin hular nan tana da lafiya, gaɓa ta kan yi shekaru. Amma zafin ƙasarmu ya kan busar da roba ta tsattsage. Da ta tsage sai ƙurar hunturu ta shiga, da damina kuma ruwa da laka su bi baya. Ku kun san abin da rairayi ke yi wa gindin tukunya in ana dirza ta da shi. Haka ya ke cin ƙwallon nan kullum, kaɗan kaɗan, gargadar hanya tana taya shi, har kwarmi ya yi masa yawa ya soma girgiɗi kamar haƙorin yaro mai famfara. Wannan girgiɗin shi ne masu mota ke cewa sitiyari yana wasa. Ran da kwarmi ya ƙara faɗi sai wani rami ya fizge ƙwallon ya fita, shi ke nan tayar ta rabu da mai tuƙi.

Ku 'yan makaranta ga lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 da 'yan kai a kowace daƙiƙa ɗaya. Ku auna mita 22 a filin makarantarku ku gani. In abin da ya same mu a kwari ya sami mota a kan kwalta tana wannan gudu, kafin direba ya buɗe baki ya yi salati ta riga ta bar hanya.

Abin da ya fi ba ni haushi, shi wannan ciwo ba ya zuwa a ɓoye. Ya kan yi watanni yana sallama. Alamar farko ita ce wadda na gani na yi shiru: hannun direba yana tankaɗe a miƙaƙƙiyar hanya. Mai tuƙin mota lafiyayya hannunsa kusan a tsaye ya ke, sai ɗan gyara jifa jifa. Sa'an nan ku kasa kunne. In mota ta taka ƙananan ramuka ko gargada a hankali, kuka ji "ƙwal, ƙwal" daga wajen ƙafafun waɗanda ke gaba, kamar ana buga muciya a gindin turmi, wata gaɓa ce ke magana. Tun ma ba ku shiga ba, a tasha, kuna iya duban tayoyin gaba. In gefe ɗaya na taya ya cinye ya yi sumul, ɗayan gefen kuwa da sauran zanensa, tayar ba ta tafiya sak, jan ta a ke yi a karkace. Ba mai hana ki duban taya, ba kuwa kuɗi a ke biya ba.

Kada kuma mu ɗora wa sitiyari laifin da ba nasa ba, don kada a raina maganarmu. In sitiyari yana karkarwa sai an kai wani gudu, in an rage ya daina, yawanci nauyin taya ne bai daidaita ba, ko kuwa ƙarfenta ya lanƙwashe. In mota tana ja gefe ɗaya kawai, a fara duba iska wajen mai faci. In sitiyari ya yi tauri yana kuka sa'ad da a ke kwana, mansa ne ya yi ƙasa ko bel ya saki. In kuma an labta buhunan albasa a bayan ƙaramar mota har gabanta ya ɗaga, sitiyari zai yi sakayau ko da ƙarafansa sababbi ne, gama tayoyin gaba ba su dafe ƙasa sosai ba. Wannan maganinsa a sauke kaya.

Yanzu ga waɗanda ke da mota a gida, ko ta maigida, ko ta ɗa, ko taki ta kanki, tun da yanzu malaman makaranta mata da ma'aikatan asibiti da yawa su ke tuƙa kansu. Gwajin ba ya cin lokacin da tukunyar shayi za ta tafasa, mutum biyu kawai ya ke bukata.

A tsai da mota a wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri, tayoyin gaba suna duban gaba sak, a ja birkin hannu. In motar mai sitiyarin mai ce, watau mai taushin nan, a ta da inji, in ba haka ba za ta nuna wasan da ba ta da shi. Mai gwaji ya tsaya a waje ta tagar direba, ya miƙa hannu ya kama sitiyari da yatsu biyu, idonsa a kan tayar gaba. Ya motsa shi a hankali zuwa dama har ya ga taya ta soma motsi, ya tsaya. Ya komo hagu har ta soma motsi kuma. Tafiyar da sitiyari ya yi tsakanin nan taya ba ta ji ba, ita ce wasan. 'Yar makaranta ta kawo alli ta yi alama a bakin sitiyari, ta kawo rula ta auna.

Nawa ne ya yi yawa? A Ingila, inda doka ta ce a riƙa kai mota gwaji kowace shekara in ta cika shekara 3, masu gwajin ba su yarda da wasan da ya wuce milimita 13 ba a irin motar nan mai rak, a sitiyari mai faɗin milimita 380. Wannan bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Mai akwati kuwa sun yi mata rangwame har milimita 75, wajen yatsu huɗu ke nan. Ni dai abin da na riƙe, ƙaramar mota in wasanta ya wuce yatsu biyu, ba ni ba shigarta. Wadda ta zubar da mu, da na tuna yadda hannun direban ke kaiwa da komowa, ta fi taƙi guda.

In an sami wasa, saura a san inda ya ke, kuma nan ne kuɗin gida ke tsira. A kashe inji, a sa duwatsu gaba da bayan tayar baya. Ke ki zauna a kujerar direba kina kaɗa sitiyari dama da hagu, gajere gajere, da ɗan ƙarfi, ba tsayawa. Shi kuma ya durƙusa ta bayan tayar gaba da tocila, ya bi ƙarafan nan ɗaya bayan ɗaya. Ka'idar guda ce: ƙarfe biyu da ke haɗe su motsa tare, kamar ruwan fartanya da ƙotarta. Duk inda na farko ya motsa na biyu ya yi jinkiri, nan ɓarnar ta ke. In ido bai gani ba, ya dafa gaɓar da tafin hannu, zai ji tana ɗan bugawa kamar jijiya. Ya kula da yatsunsa dai kada ƙarfe ya matse su. Ya duba hulunan roba ko sun yage, ya duba ko rak ɗin kansa yana zamewa a mazauninsa, domin wani lokaci robar da ke riƙe da shi ce ta mutu, ko noti ya kwance. Kada a manta da 'yar gaɓar da ke jikin sandar sitiyari, can ƙasa wajen ƙafar direba, ita ma ta kan ci.

Gwaji na ƙarshe sai da jak. Kafin a ɗaga, a tabbata notocin taya a ɗaure su ke, kada a je neman ciwo a ciki alhali yana bakin ƙofa. A ɗaga tayar gaba ta bar ƙasa, a kama ta hannu ɗaya a gabanta ɗaya a bayanta, a girgiza. In ta yi ƙwal ƙwal, tairod ne ko rak. A sake kama ta sama da ƙasa a girgiza. In ta motsa, ko boljoyin ne ko boris. Don a raba gardama, ke ki taka birki ki riƙe, shi ya sake girgizawa: in motsin ya ɓace boris ne, in yana nan boljoyin ne. Boris kuma ya kan tona kansa da gurnani a hanya, gurnanin yana ƙaruwa da gudu. Ina roƙonku da babbar murya, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma a bar yara kusa. Jak ya kan zame, balle a rairayi irin namu.

Na ce kuɗin gida ke tsira, ga dalili. Wanda ya je gareji ya ce "motata tana rawa" kawai, ya ba da wuƙa da nama. In ya gamu da mai tsoron Allah, to. In ya gamu da wani, sai a ce rak ne gaba ɗaya, alhali gaɓa ɗaya ce ta waje, wadda kuɗinta bai kama ƙafar na rak ba. Amma wanda ya ce "gaɓar tairod ta hannun dama ce, na dafa na ji," an san ba a yi masa wasa.

Akwai kuma gyaran da ya fi rashin gyara muni, shi na fi so ku sani. Da dattijon nan ya ciro ƙarfen motarmu, sai ga gaɓar an naɗe ta da tsinken robar taya, irin wadda mu ke ɗaure kaya da ita a bayan keke. Ashe direban ya san da ciwon, ya kai an ɗaure masa don ƙarar ta yi shiru. Ƙara ta yi shiru, ƙwallo kuwa yana ta cin kwarminsa. Waɗansu su kan bubbuge kwarmin da guduma don ya matse, waɗansu har walda su ke yi. Duk wannan rufe miki ne da tsumma. Gaɓar da ta ci ba ta da magani sai sabuwa. Ko kayan Beljiyam za a saya saboda halin kuɗi, a murɗa ƙwallon da hannu a ji: in yana juyawa da ƙyar, da sauransa, in yana lilo kamar wuyan kaza matacciya, an sayi abin da aka zo zubarwa. Motoci masu akwati kuma akwai wani noti a bisa akwatin da a ke ɗan ɗaurewa a rage wasa. Yana da amfani in akwatin ne ya saki, amma in aka matse shi fiye da kima sitiyari zai ƙi komowa da kansa bayan kwana, kuma ba ya warkar da gaɓar da ta mutu a wani wuri.

Saura abu mai wuya, watau buɗe baki. Na san halinmu. Mace ta ga abu sarai, amma a ce ta gaya wa maigida motarsa ba ta da lafiya, sai ta ga kamar ta ce masa bai iya riƙon gida ba. Ba haka za ki ce ba. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ce, "Malam, jiya da muna dawowa na ji wani ƙwal ƙwal ta wajen ƙafarka, hankalina bai kwanta ba saboda yaran nan. Ko in kaɗa maka sitiyari gobe da safe ka leƙa?" Namiji da wuya ya ƙi abin da aka ce shi zai duba da idonsa. In ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ki ce gaskiya ne, amma ai da dare ya kan kulle ƙofar gida.

Motar haya kuwa, kuɗinki ne, ba alfarma aka yi miki ba. In kin ga hannu yana tankaɗe, ki ce a rage gudu, ki faɗa da ƙarfi yadda sauran fasinja za su ji, za ki ga waɗanda su ka yi shiru sun goyi bayanki. In ya ƙi, ki sauka a gari na gaba inda akwai mutane, ba a daji ba, ko da kuɗin motar zai tafi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. A tasha kuma akwai shugabannin direbobi da za a kai wa ƙara, akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988 saboda irin wannan. Ku 'yan makarantar kwana da a ke tura ku tasha ku kaɗai in hutu ya ƙare, ku na fi ji. Kada ganin ku yara ne ya sa ku haɗiye abin da idonku ya gani. Ki gaya wa babbar mace da ke kusa da ke, ita ta faɗa.

In an sa sabuwar gaɓa, aiki bai ƙare ba sai an yi abu biyu. A duba notin da ke riƙe da ita: in mai tsaga ne, lalle a ga an zura masa 'yar kusarsa an tanƙwara bakinta, in irin mai kulle kansa ne, a sa sabo, kada a mai da tsohon. Sa'an nan a kai motar wurin masu saita tayoyin gaba su daidaita su, gama sabon tairod da wuya ya zo daidai tsawon tsohon, in ba a saita ba sabuwar taya za ta cinye kafin kaka. Bayan kwana bakwai a sake gwajin alli da rula a ƙofar gida.

Bikin nan dai ba mu same shi ba, sai washegari muka je muka yi wa uwar amarya Allah ya sa alheri, aka ɗumama mana sauran tuwo. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.